Makullin Bindigar Gonar Majid

Karantina, Jidda.
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abdulhadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya tsare ka daga hannun wani, ya tsare wani daga hannunka. Amin.

Zan ba ummanka takardar nan ta sa maka a saman jaka, don ita za ka fara gani. Ka karanta ta a mota kafin ku isa gona. Na san karatun Hausa yana ba ka wahala, kai da aka haifa a nan, Larabci ya fi zama a bakinka. Ka yi haƙuri ka bi ta a hankali. Da gangan na rubuta da Hausa, don ban so wani ya riga ka sanin abin da ke ciki. Sau uku na kira ka a makon nan in faɗa maka da baki, sau ukun duk na ɓuge da tambayarka ko ka sayi takalmin da zai jure duwatsu.

Ga abu na farko, kafin komai. In Majid, mai gonar, ya miƙa maka bindiga, ka karɓa bakinta na kallon ƙasa, ka jingine ta inda ba kowa. Kada ka sa mata harsashi, kada ka bar kowa ya sa, sai ka kai ƙarshen takardar nan.

Aikin da za ka kama, ni na fara yinsa. Shekara goma sha huɗu na yi ina gadin tumakin mahaifin Majid a gonar nan ta gindin duwatsu. Shi ne Abu Majid, kafilina na farko, wato mai tsaya mini a ƙasar nan, wanda ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, bayan na zo hajji na ƙi komawa. Allah ya jiƙansa. A wurin akwai karnukan daji, akwai kerkeci, akwai birai masu saukowa daga dutse garke guda, shi ya sa ake ajiye bindiga. Takardar izininta da sunan mai gona take, ba da sunanka ba. Kada ka ƙetare shingen gona da ita ko taku ɗaya, ko wa ya aike ka.

Bindigar irin mai liba ce. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarƙashinta inda kake zura yatsu, shi ne liba. In ka tura shi ƙasa ka dawo da shi, sai ta tofar da kwankon da aka harba, ta ɗauko sabon harsashi daga bututun da ke ƙarƙashin hancinta, ta kuma ɗana kanta. A bayanta akwai ɗan ƙarfe da ke tashi tsaye in an ɗana, shi ke faɗawa ya bugi harsashi in ka ja kunama. Guduma nake ce masa. Ka riƙe sunayen nan uku, liba, guduma, kunama, don duk wautar da zan ba ka labari a tsakaninsu ta faru.

Ta farko da Abu Majid ya ba ni tsohuwa ce, ba ta da makulli ko ɗaya. Yadda ake kwantar da ita shi ne ka danne guduma da babban yatsa, ka ja kunama, ka sauke gudumar a hankali har ta zauna a wani ɗan tsani da ke rabin hanya. In ta zauna nan, ko ka ja kunama ba za ta tashi ba. Sai dai tsakanin sama da rabin hanyar nan, ba abin da ke tsare harsashi sai fatar yatsanka.

Na iya, har na riƙa yi ba tare da na duba ba. Nan kuskurena ya fara.

A lokacin ina da aboki, Idi, mutumin Damagaram. Ɗaki ɗaya muka zauna a Karantina kafin in auri ummanka. Ba shi da iƙama, sai na roƙi Abu Majid ya bar shi ya riƙa taya ni gyaran shinge. Wata rana bayan azahar, zafi kamar ana hura wuta, muka hango kare a bayan garke. Na ɗana, kafin in saita ya shige duwatsu. Muka koma mota, irin a-kori-kurar nan da ake ce wa wanit. Idi ya zauna a gefen direba, ƙafafunsa a waje, yana zazzage yashi daga takalminsa. Ni kuma ina tsaye kusa da shi ina ba shi labarin wani abu, na ma manta ko mene ne, ina sauke guduma. Hannuna sharkaf da gumi. Ta zame.

Ban ji ƙarar ba sai daga baya. Abin da na fara gani shi ne Idi yana kallon ƙafarsa kamar ta wani ce. Harsashin ya shiga ƙaurinsa na hagu ya fita ta baya. Na ɗaure da rawanina, na tayar da mota. Da muka hau titi sai ya kama rigata.

Ya ce, “Haruna, ina za ka kai ni?”

Na ce, “Asibiti.”

Ya ce, “Don girman Allah kada ka kai ni. Ba ni da takarda. Raunin bindiga ne, sai sun kira ’yan sanda. Ni su kore ni, kai su ɗaure ka.”

Na bi maganarsa. Yau zan gaya maka gaskiya, ba tausayinsa ne ya juya motar ba, tsoron kaina ne. Na kai shi ɗakinmu, na nemo wani mutum da aka ce ya taɓa aiki a shagon magani a gida, ya wanke ya naɗe. Kwana uku muna rufe da ƙofa. A na ukun ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ɗakin ya ɗauki wari, Idi yana kiran sunan mahaifiyarsa yana magana da ita kamar tana zaune. Sai a ranar na je na gaya wa Abu Majid. Bai zage ni ba. Ya ce, “Yalla, mu je, ina yake?” Da kansa ya ɗauke shi. Likita ya dubi ƙafar ya ce da an kawo shi ranar farko da an ceto ta. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

An tsare ni kwanaki ana tambayata. Idi ya sa hannu ya ce ya yafe, kuskure ne, Abu Majid kuma ya tsaya mini, aka sake ni. Shi Idi da ya warke aka mayar da shi gida. Ranar da na je sallama da shi yana zaune da sanda a gefensa, ya ce, “Harbin ban riƙe ka da shi ba, ƙaddara ce. Kwana ukun nan ne nake ta tunani. Ni zafin ciwo ne ya sa na roƙe ka. Kai da kake da lafiya, me ya sa ka saurare ni?” Na yi masa sallama na fito.

Don haka, ɗana, in za ka sauke guduma, ka daina magana, ka goge hannunka, ka juya bakin bindiga inda ko ta tashi ƙasa kawai za ta ci. Kada ka shiga mota da harsashi a ɗane. In kuma Allah ya ƙaddara aka ji rauni, ka nufi asibiti kai tsaye, ko mai raunin yana kuka yana roƙonka. Ana korar mutum ya rayu a garinsu. Ƙafa ba ta tsirowa.

Bayan wasu shekaru Abu Majid ya kawo sabuwa, irin waccan sak, sai dai an ƙara mata ɗan maɓalli a gefe, kusa da guduma. Larabawa suna ce masa aman, ni makulli nake cewa. In ka tura shi, wani ƙarfe yana gittawa a ciki ya tare gaban guduma, ko ta faɗi ba za ta kai ga harsashi ba. In ka mayar da shi, sai jan zobe ya bayyana a jikinsa, alamar a buɗe take. Da ya miƙo mini sai ya ce, “Ya Harun, wannan saboda irinka aka yi ta.” Maganar ta soke ni, amma gaskiya ya faɗa. Da tsohuwar tana da wannan ɗan maɓalli, da Idi na tafiya da ƙafafunsa biyu.

Ba zan rage wa makulli alherinsa ba. Irin bindigar nan ba ta da wata ƙofa da za ka buɗe ka zazzage harsasai gaba ɗaya. Sai ka yi ta tura liba, kowane harsashi ya shiga ciki a ɗane sannan ya fito, yatsanka kuma yana kai da komo dab da kunama. Da tsohuwar, duk ranar da zan juye ta sai na riƙe numfashi. Da sabuwar sai in tura makulli in juye hankalina kwance. Haka wajen sauke guduma, ko yatsa ya zame, ƙas kawai za ka ji. Mai gumi, mai gajiya, wanda bai saba ba, duk makulli yana rufa musu asiri.

To amma kwanciyar hankalin nan ita ta lalata ni. Na koma yawo da ita a ɗane, in rataya, in jingine a jikin tankin ruwa, in nuna wa makiyayi hanya da bakinta kamar sanda. In zuciyata ta yi mini magana sai in ce ai a kulle take. Wata safiya Abu Majid ya zo gona, na juyo in gaishe shi, bakin bindigar ya tsaya daidai cikinsa. Ya sa yatsa biyu ya kawar da ita gefe, ya dube ni.

Na ce, “Da aman, ya ammi,” wato a kulle take, baba.

Ya ce, “Ka duba.”

Na duba. Jan zobe a waje. Ban san lokacin da ya buɗe ba, wataƙila jikin kujerar mota ya goga. Na zauna a ƙasa. Ya ce, “Na saya maka ƙarfe, ban saya maka hankali ba.” Ya wuce wajen tumakinsa ya bar ni nan.

Ka ji wannan da kyau. Maɓallin da yatsa ke turawa, kujera ma tana tura shi, reshe ma yana tura shi. Kada ka nuna wa mutum bakin bindiga don ka san a kulle take. Abin da ka sani ɗazu ne, yanzu ba ka duba ba.

Daga ranar na zama mai kulle ta kullum, ina taɓa maɓallin ina sake taɓawa. Sai ya cuce ni ta ɗaya gefen.

Muna da makiyayi Basudane, Usman, dattijo mai yawan shiru. Wata rana da hantsi ina gyaran famfo na ji ihunsa. Na ɗauki bindiga na ruga. Kare ne, amma ba irin waɗanda ke gudu in sun ga mutum ba. Bakinsa na dalala, yana tafiya a karkace, ya riga ya yayyaga tunkiya biyu, ya nufo Usman. Tsakanina da shi bai fi taku goma sha biyar ba. Na tura liba, na saita, na ja kunama. Ƙas.

Ka san mugun halin wannan makulli? Ba ya hana kunama motsi, ba ya hana guduma faɗuwa. Komai yana tafiya kamar za ta tashi, sai dai ba ta tashi. A cikin firgici ban tuna da shi ba sam. Na ɗauka harsashin ne ya mutu. Na tura liba na zubar da shi, na sake ja. Ƙas. Na sake. Harsasai huɗu lafiyayyu na watsar a cikin yashi, ina salati, karen yana kan cinyar Usman. Da na ga haka na juya bindigar na maka masa gindinta, ya sake shi ya kama ni a hannu. Tabon nan da ka sha tambayata kana ƙarami, ina ce maka waya ce ta yanke ni, haƙoransa ne. Usman ne ya lallaɓo da sandarsa ya yi ta dukansa a ka har ya daina motsi.

Mun sha alluran cizon mahaukacin kare, ni da shi, Allah ya sa muka tsira. Muna zaune a layin allura Usman ya ce, “Da ka zo mini da sanda tun farko, da na fi gode maka.” Daga nan in ya ga na rataya bindiga sai ya ɗauki sandarsa ya riƙe, ko da zaune yake.

Abin da ya kamata in yi bayan wannan a bayyane yake. In zauna da bindiga ba harsashi, in koya wa yatsana buɗe makulli duk lokacin da na ɗaga ta zuwa kafaɗa, in yi ta yi har ya zama ba sai na tuna ba. Haka nake so ka yi da duk bindigar da ke da makulli. In ka ja ka ji ƙas, fara duba maɓalli kafin ka zargi harsashi. Kuma hanya ɗaya za ka riƙe. Kada yau ka dogara da rabin guduma, gobe da makulli, jibi ka haɗa biyun. Ranar tsoro kai ba ya aiki, abin da hannu ya saba shi yake yi.

Ni ban yi haka ba. Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Haushi na ji. Na ɗora wa ƙarfe laifin da yake nawa. Ba zan iya fita da bindigar ba, sai na kwance maɓallin na sa a aljihu, na kai wa wani mai walda a unguwar Khumra. Ban gaya masa na mene ne ba. Na nuna masa inda zai goge, ya goge da magagari, na koma na mayar da shi wurinsa. A waje ba abin da ya canza. Yana turuwa, yana dawowa, jan zobe yana ɓuya yana fitowa. Amma a ciki, wurin da ke tare guduma babu shi. Na gwada a bayan dutse, a kulle, ta tashi. Har murna na yi. Na ce halas, shi ke nan, ba za ta sake yi mini ƙas ba, in Abu Majid ya duba kuma zai ga aman ɗinsa na nan.

Abdulhadi, makullin bindigar nan ƙarya ne. A kulle ko a buɗe, in aka ja kunama za ta tashi.

Na ce a raina ni kaɗai ke riƙe ta, ni kuma na sani. Ba a yi wata shida ba ciwon baya ya kama ni, aka dawo da ni gari ina tuƙa iyalin Abu Majid. Aka kulle ta a kabad ɗin gona. Na yi niyyar faɗa, sai na tuna fuskar Abu Majid ranar Idi, na ce bari sai ya huce daga wani abu, bari sai bayan salla, bari sai an sabunta iƙama. Har ya rasu ban faɗa ba. Masu gadin da suka biyo bayana wata bindigar aka ba su, sai na lallashi kaina cewa waccan ta yi tsatsa, ta mutu a kabad.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da muka je gidan Majid ni da kai a kan maganar aikinka, ka tuna ka fita ka gyara wa wani fakin? A nan ya ce mini, “Ammi Harun, bindigarka zan ba Abdulhadi. Na fito da ita na shafa mata mai, kamar sabuwa. Ita ce mai aman, ta fi dacewa da sabon hannu.” Sannan ya yi dariya ya ce ko makon jiya a falon gona ya juye harsasanta, ’ya’yansa mata biyu suna zaune suna tsince su a kan darduma, suna gasar wa zai fi tarawa. Ya ce, “Da aman ba abin tsoro.”

Na ajiye shayin da ke hannuna. Ga Majid a gabana, ga maganar a kan harshena. Ka san abin da na ce? Na ce, “Allah ya raya su.” Sai ka shigo, muka yi sallama muka tafi. Ina da furfura a gemu, na sake yin abin da na yi a kwana ukun Idi.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Ummanka tana tsammani tafiyarka ce ke damuna. Yau zan gaya mata.

Ga abin da nake so. Kada ka gwada makullin da harsashi don ka tabbatar, na riga na tabbatar maka. Kada ka ce za ka gyara da kanka, ko ka kai wa mai walda a ɓoye don ka rufa mini asiri. Rufa asirin nan shi ne ciwon. Majid ne zai kai ta shagon da ke da izini a sake mata sabon maɓalli. Kafin nan ka ɗaura mata jan ƙyalle, ka raba ta da harsasai, kowanne a kulle a wurinsa. In an gyara, ka yi amfani da makullin, yana da amfani, amma ka riƙe ta kamar ba ta da shi.

Na san abin da wannan magana za ta iya jawo mana. Majid ne kafilina, shi ne naka. Zai iya hana ka aikin da ka daɗe kana jira. Zai iya cewa ba zai sabunta mana takarda ba, mu tattara mu koma ƙasar da ba ka taɓa gani ba. In ya yi haka bai zalunce ni ba, ’ya’yansa na sa a gaban bakin bindiga. Kai ne zan zalunta, kai da ba ka yi komai ba. Ka yafe mini.

Na yi niyyar kiransa a waya gobe da safe, da zarar motarku ta tashi. Amma na san kaina. Tun Juma'a nake ɗaukar wayar ina ajiyewa. Saboda haka in ka isa, ka dubi fuskarsa. In ya tare ka da maganar, to na kira. In ya tare ka da fara'a yana tambayarka hanya, ka san ubanka ya sake kasawa. Kada ka zauna, kada ka sha ruwa. Ka fito da takardar nan ka karanta masa da Larabci, tun daga Idi har ƙasa, kada ka tsallake layi ɗaya don kunyata. Duk abin da ya faɗa a kaina ka yi shiru, kada ka kare ni.

Ka tsare sallarka a kan lokaci. Ka girmama makiyayan da za ka tarar, sun fi ka sanin wurin. In ka yi kuskure, babba ko ƙarami, ka faɗe shi a ranar, kafin ya kwana. Ummanka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare mutanen gonar baki ɗaya, manya da yara. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da bai ba ni ba, ya dawo mana da kai lafiya. In ka gama magana da Majid, ko me ya ce, ka kira ni. Ina zaune kusa da waya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna.